Tambaya da Amsa: Zaɓen Injin Lantarki Don Jirgin Sama da Motar Yaƙi

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk kan abu ɗaya suke: injin lantarkin da ke juya farfela, ko ya motsa fiffiken jirgi, ko ya ja sarƙar tankar yaƙi. Mun haɗa masu kama da juna, mun taƙaita masu tsawo, injiniyoyin da ke kula da wannan fili suka amsa. Duk inda aka ce rota ana nufin ɓangaren injin da ke juyawa, sitato kuma ɓangaren da ke tsaye, mai ɗauke da naɗin waya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a fannin injiniyan lantarki. Littattafanmu suna ambaton inji mai maganaɗisu na dindindin, da injin indakshan, da wanda ake kira SRM. Don Allah wanne ne ya fi dacewa da jirgin sama?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, da akwai guda ɗaya da ya fi a ko'ina, da tuni an daina ƙera sauran biyun. Kafin ka kai ga sunan inji, ɗauki takarda ka rubuta ƙarfin murɗawar da aikin ke nema, a juyi nawa a minti, na tsawon wane lokaci, da inda zafin injin zai bi ya fita. A ƙasan takardar ka ƙara abin da zai faru idan ya lalace ana tsaka da tafiya. Amsar waɗannan ce ke zaɓar injin.

Lissafin da za ka riƙe shi ne: kilowat daidai yake da niyuton-mita sau juyi a minti, a raba da 9,550. Ɗauki farfela mai faɗin mita 2 tana juyi 2,500 a minti. Bakinta yana keta iska da gudun mita 262 a daƙiƙa, sauti kuwa kusan mita 340 yake yi. In ka ƙara mata gudu sai ƙara ta yi yawa, aikin ya ragu. Ke nan farfela ce ke yanke gudun, ba injin ba. Kilowat 260 a juyi 2,500 yana neman kusan niyuton-mita 1,000. Wannan kilowat ɗin a juyi 20,000 kuwa niyuton-mita 124 kawai yake nema. Girman rota yana bin ƙarfin murɗawa ne, ba kilowat ba, don haka mai gudun zai fito ɗan mitsitsi, sai dai dole a haɗa masa giyabos mai rage gudu sau takwas, da mansa, da famfonsa, da lalurarsa. Siemens sun zaɓi haɗawa kai tsaye a injinsu SP260D: kilowat 260, nauyi kilo 50, juyi 2,500, ya tashi da jirgin Extra 330LE a 2016.

Inji mai maganaɗisu na dindindin shi ne ke ba da murɗawa mafi yawa a kowane kilo. Rotarsa ba ta cin wuta, saboda haka zafinta kaɗan ne, kuma mai kyau yana mayar da kashi 95 cikin ɗari ko fiye na wutar da ya ci zuwa aiki. Shi ne a Pipistrel Velis Electro mai kilowat 57.6, wanda hukumar EASA ta Turai ta ba wa shaidar amincewa a 2020, shi ne kuma a injin magniX mai kilowat 560 da ya ɗaga jirgin Beaver a Kanada a Disamban 2019. Aibinsa biyu: maganaɗisu ba ya son zafi, kuma ba a iya kashe shi.

Rotar indakshan keji ce ta sandunan alminiyam ko tagulla. Tana da juriya, amma wuta na gudana a cikinta. Idan rota ta gaza gudun filin maganaɗisu da kashi 3 cikin ɗari, to kashi 3 na ƙarfin da ya tsallaka zuwa gare ta zafi yake zama, a wurin da ya fi ko'ina wuyar sanyayawa. Har yau yana aiki lafiya a famfunan mai da fankokin jiragen da ke amfani da bolt 115 a Hz 400.

SRM kuwa, wato switched reluctance motor, rotarsa tsuran ƙarfe ce mai haƙora, ba waya ba maganaɗisu. Ba ta tsoron zafi ko gudu, kuma kowane fes, wato rukunin naɗin waya mai layin wutarsa, zaman kansa yake. Sai dai murɗawarsa tana zuwa da fizga, yana da ƙara, yana son tazara 'yar kaɗan tsakanin rota da sitato, kuma inbatarsa, na'urar da ke sarrafa wutar da ake ba shi, daban ce. A ra'ayinmu, don juya farfela mai maganaɗisu ne zaɓin farko, sauran biyun sai in zafi ko tsoron lalacewa ya kore shi.

Tambaya: Sana'ata naɗin inji ce. Injin masana'anta mai kilowat 250 ya haura tan guda, sai ga shi ana cewa na jirgi kilo 50. Anya babu ƙari a maganar nan? In gaskiya ce, ina sirrin?

Amsa: Gaskiya ce, Malam, kuma babu siddabaru a ciki. An matsa wa ƙarfe da waya ne har iyakar abin da za su iya ɗauka, sannan aka biya kuɗin hakan da sanyayawa.

Fara da fol, wato kawunan maganaɗisu na arewa da kudu da ke jere a cikin injin. Injin da ka saba naɗawa fol huɗu ne a Hz 50, juyi kusan 1,500. Na jirgi yakan zo da fol ashirin ko fiye. Yawan fol yana rage maganaɗisun da kowane fol ke turawa ta bayan sitato, sai a siranta ƙarfen bayan, nauyi ya zube. Amma firikwansi yana hawa, domin shi fol ne sau juyi a minti a raba da 120: fol 20 a juyi 3,000 ya ba ka Hz 500. A nan asarar cikin ƙarfe ke tasowa. Wutar da ke kewaye a cikin fallen ƙarfe tana ƙaruwa ne da firikwansi sau kansa, da kuma kaurin falle sau kansa. Shi ya sa maimakon falle mai milimita 0.5 ko 0.35 ake sa mai 0.2 ko 0.1. Raba kaurin biyu yana mayar da wannan asarar kashi ɗaya bisa huɗu.

Ƙarfen ma daban ne. Na silikon yana ƙoshi da maganaɗisu a wajen tesla 2 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), kuma a aikace ana tsayawa a 1.6 zuwa 1.8. Gamin ƙarfe da kobalt, mai kusan kashi 49 na kobalt, yana kai tesla 2.3. Sai dai bayan an yanka shi dole a gasa shi a tanda ta musamman, in ba haka ba halinsa na maganaɗisu ba ya fitowa, kuma gashin da ya fi gyara maganaɗisun shi ne ke rage masa ƙwari. Na rota da na sitato ba gashi ɗaya ake yi musu ba.

Sai waya, inda ka fi mu sani. A Hz 50 wuta na ratsa tagulla har zurfin kusan milimita 9, a Hz 1,000 kuwa kusan milimita 2 take shiga. Tun kafin a kai nan ma, wayoyin da ke kusa da bakin gurbi sun fara ɗaukar zafi fiye da na ƙasa, saboda maganaɗisun da ke yoyo a wurin. Idan ka jera sirara da yawa a matsayin waya ɗaya ba tare da an murɗa su suna musayar wuri ba, wuta za ta riƙa zagaye a tsakaninsu, mita ba za ta nuna maka ba, amma kwayil zai gasu. Maganinsa wayar da aka kitsa daga sirara masu rufi, wadda ake kira litz.

Babban sirrin dai yawan amfiya ne a kowace murabba'in milimita. Injin masana'anta mai fanka yana zama a wajen 5. Mai rigar ruwa a jikin sitato yana kai 10 zuwa 15. Wanda mai ke wanke wayar kai tsaye yana kai 20 zuwa 30. Daga 5 zuwa 25 ninki biyar ne na wuta, amma ninki 25 ne na zafi a tagulla ɗaya. Ƙari a kan haka, tagulla tana ƙara turjiya da kusan kashi 0.39 cikin ɗari a kowane digiri, don haka kwayil mai digiri 180 ya fi mai digiri 20 turjiya da kashi 63. Rufin waya ajin H digiri 180 yake ɗauka, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce kowane ƙarin digiri 10 yana raba kwanansa biyu. Famfon mai ya tsaya a irin wannan inji, daƙiƙu ake ƙirgawa.

Abin da ya kamata ka yi shakka a kansa shi ne lambar kilowat a kilo da ake talla da ita. Tambayi ko ƙarfin ɗorewa ne ko na minti ɗaya, ko an auna da inbata da famfo da lagireto da ruwan ciki, kuma ruwan yana shiga a digiri nawa. Inji mara nauyi mai jan lagireto mai nauyi bai rage wa jirgi komai ba.

Tambaya: Neodimiyam ko samariyam-kobalt? Na ga na farkon ya fi ƙarfi, me zai sa a bar shi?

Amsa: Ya fi ƙarfi a ɗaki mai sanyi. Neodimiyam yana ba da tesla 1.2 zuwa 1.4 da 'yan kai, samariyam-kobalt kuwa 1.0 zuwa kusan 1.15. Amma neodimiyam yana zubar da kusan kashi 0.12 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane digiri, abokin nasa kuwa kusan 0.03. A digiri 180 na farkon ya rasa kusan kashi ɗaya bisa biyar, na biyun kusan ɗaya bisa ashirin, tazarar ta kusa rufewa.

Wannan asarar tana dawowa idan ya huce. Wadda ba ta dawowa ita ce ta haɗuwar zafi da wuta mai ƙarfi da ke tura maganaɗisun baya, kamar lokacin shot, wato idan wayoyi suka haɗu kai tsaye. Haruffan da ke bayan lambar neodimiyam suna nuna iyakarsa: mara harafi digiri 80, SH 150, UH 180, EH 200. Samariyam-kobalt yana aiki har digiri 300 da ɗoriya, kuma ba ya tsatsa, alhali neodimiyam sai an lulluɓe shi da nikel ko wani rufi. Shi kuma gautsi gare shi, yana ɓantalewa wajen haɗi. Hanyar yanke hukunci ita ce ka gwada a kwamfuta: rota a zafinta mafi tsanani, sannan ka jefa mata shot na fes uku. In wani gefen maganaɗisun ya wuce iyakar da ƙarfinsa ba ya dawowa, ka ƙara masa kauri ko ka canza aji.

A inji mai gudu akwai batun riƙe shi. Guntu mai giram 50 a bakin rota mai faɗin milimita 100, a juyi 30,000, yana fizgar kansa waje da ƙarfin da ya kai nauyin kusan tan biyu da rabi. Gam ba ya riƙe wannan. Ana sa masa riga ta zaren kabon ko ta ƙarfen Inconel. Ta ƙarfe tana haifar da nata zafin, ta kabon kuma tana hana zafin maganaɗisu fita, don haka akan yanyanka shi ƙanana don rage zafin tun daga tushe.

Ga kayan soja akwai kuma asalin ma'adinin. Dokar Amurka ta taƙaita sayen waɗannan maganaɗisai daga Sin da Rasha da Iran da Koriya ta Arewa don kayan tsaro, kuma a 2022 an dakatar da karɓar jiragen F-35 na ɗan lokaci bayan an gano gami daga Sin a maganaɗisun wani famfo.

Tambaya: Malamai, me ke sa inji ya ci gwaji lafiya a ƙasa amma naɗinsa ya ƙone bayan an jima ana tashi da shi sama, alhali sama ta fi sanyi?

Amsa: Sanyin ne ke ruɗin mutane. A ƙafa 40,000 nauyin iska kusan kashi ɗaya bisa huɗu ne na wanda ke bakin teku, don haka fanka na juyawa amma abin da take kwasa kaɗan ne. Wannan sananne ne. Wanda ya fi yin ɓarna a ɓoye shi ne matsin iska, wanda ya sauka zuwa kusan ɗaya bisa biyar.

Iska ma rufi ce tsakanin waya da waya. Friedrich Paschen ya nuna tun 1889 cewa boltej ɗin da ke keta iska ya dogara ne da matsi sau tazara, kuma mafi ƙanƙantarsa kusan bolt 327 ne. Ƙasa da haka iska ba ta tartsatsi ko yaya aka yi. Tsofaffin tsare-tsaren jirgi, bolt 28, da 115, da 270 irin na F-35, duk suna ƙasa da wannan layi. Da aka koma 540, kamar na Boeing 787, da waɗanda suka fi haka a jiragen batir, sai aka tsallake shi. A ƙananan guraben iska da banish bai cike ba sai ɗan tartsatsi ya fara, ba ya jefar da fiyus, ba ya nunawa a mita, yana dai cin rufin wayar a hankali har ranar da waya ta taɓa 'yar'uwarta. In an buɗe akan ga farin gari a kan naɗin.

Inbata tana ƙara wa wutar fetur. Ta zamani mai silikon-kabaid tana kunna wuta cikin 'yan gomman nanosakan. Irin wannan bugu idan ya bi kebur mai 'yan mitoci sai ya dawo kamar amsa-kuwwa, boltej a bakin inji ya kusa ninkawa. Ke nan mai bolt 270 ma bai tsira ba. Kuma bugun ba ya rabuwa daidai a naɗin, zagayen farko ne ke shan mafi yawa. A naɗin da aka zuba waya yadda ta faɗa, zagayen farko na iya kwanciya jikin na ƙarshe.

Abin yi shi ne a gajarta kebur, in da hali a manna inbata a jikin inji. In ba hali a sa matata mai sassauta bugun. A tsara wurin kowane zagaye, a sa takardar rufi tsakanin fes da fes, a yi amfani da waya mai kaurin rufi na foliyimaid ko PEEK, a kuma tura banish bayan an zuƙe iska don kada gurbi ya rage. Sannan a auna boltej ɗin da tartsatsin ke farawa a ɗakin da aka rage wa matsi, injin yana da zafi, da bugun inbatarsa ta gaskiya. Sashe na 4 na DO-160, ƙa'idar gwajin kayan jirgin sama, yana gwada zafi da tsawon da jirgi ke kaiwa a sama, amma cin gwaji na 'yan awanni bai nuna cewa tartsatsin ba ya nan ba.

Tambaya: Ina aiki a kan lissafin mota mai sulke mai sarƙa, tan 30, dizal ɗinta kilowat 600, ana so janareta ya ba injinan lantarki biyu wuta, ɗaya a kowane gefe. Na ce kowanne kilowat 300. An ce min na yi kuskure. Ta ina?

Amsa: Kuskuren ba a rabon ba ne, Malam, a abin da aka raba ne. Dabarar ma tsohuwa ce, tankar Saint-Chamond ta Faransa a 1917 da Ferdinand ta Jamus a 1943 duk lantarki ke jan sarƙarsu. Abin da ya wahalar da ita tun lokacin shi ne motar yaƙi tana neman abu biyu da ba sa jituwa.

Ana son ta hau gangare mai kashi 60 cikin ɗari, wato kusan digiri 31. Nauyinta kaɗai yana ja da ita baya da kiloniyuton 151. Mu ɗauka turjiyar ƙasa kashi 5 ce, ƙarin kusan 13, jimla 164. Idan farantin haƙorin da ke jan sarƙa yana da mita 0.3 daga tsakiya zuwa baki, kowane gefe yana neman kusan niyuton-mita 24,600. Ana kuma son ta yi kilomita 70 a awa, wato farantin na juyi kusan 620 a minti. Sa giya mai rage sau 15: injinka zai ba da niyuton-mita 1,640 a gangare, ya kuma yi juyi 9,300 a kan hanya. Haɗa lambobin biyu a lissafin kilowat, za ka samu kusan 1,600 a kowane gefe. Ba zai taɓa fitar da wannan ƙarfin a lokaci ɗaya ba, amma ƙarfensa da wayarsa dole su ɗauki murɗawar, rotarsa da boris su ɗauki gudun. Ke nan kana neman inji mai riƙe kilowat 300 daga juyi kusan 1,750 har 9,300, faɗin da ya haura ninki biyar.

Mai maganaɗisu a saman rota yakan gaza a nan, domin boltej ɗin da yake haifarwa da kansa yana hawa da gudu har ya cim ma na batir. Wanda aka binne maganaɗisun a cikin ƙarfen rota ya fi, ana iya raunana filinsa da wuta, kuma wani ɓangare na murɗawarsa daga siffar ƙarfen yake zuwa. Indakshan da SRM suna raunana fili cikin sauƙi. Sau da yawa dai giya mai hawa biyu ce mafita mafi sauƙin nauyi, tana mayar da ninki biyar ɗin zuwa biyu da 'yan kai.

Ba ka gama ba. Mota mai sarƙa tana kwana ne ta hanyar sa sarƙar waje ta ja, ta ciki ta riƙe. A kwana da gudu injin ciki yana komawa janareta, ƙarfin da ya tara ya wuce wa na waje, har na wajen ya ɗauki fiye da duk abin da dizal ke bayarwa na 'yan daƙiƙu. Ko dai ka ƙara girman inji da inbata na kowane gefe, ko ka haɗa gefen biyu da shaf, ƙarfin ya bi ta ƙarfe, inji ɗaya na tuƙi ɗaya na kwana.

Sai tsayuwa cak a kan gangare. Rota ba ta juyawa, wuta ba ta zagaya fes uku, tana iya tarewa a fes ɗaya a ƙololuwarta, zafin wannan fes ya ninka. Sa birki ya karɓi aikin bayan 'yan daƙiƙu.

Bolt 28 na ƙa'idar sojan Amurka MIL-STD-1275 na fitilu da rediyo ne. Kilowat 300 a bolt 28 ya haura amfiya 10,000, a bolt 600 kuwa 500 ne. Ka kuma lura da lagireto: MIL-STD-810 tana ɗaukar zafin hamada har digiri 49, inbata ta silikon kuma takan so ruwa a wajen digiri 65 zuwa 70. Tazarar digiri ashirin ke nan, ta bayan ragar sulke mai toshe iska. A ƙarƙashin sulke wuri ya fi nauyi tsada, saboda kowace lita sai an yi mata bango, don haka ka auna kilowat a lita tare da kilowat a kilo.

Tambaya: Ina nazari kan amincin jirage. Kun ce ba a iya kashe maganaɗisu. Mene ne haɗarin hakan a aikace, kuma yaya ake magance shi?

Amsa: Malama, muddin rota na juyawa, kuma a sama iska na iya ci gaba da juya farfela, maganaɗisu yana shafar naɗi yana haifar da wuta, ko an cire batir. Idan bakin fes ya yi shot, wutar da za ta gudana ita ce maganaɗisun a raba da indaktans na naɗin, wato yadda naɗin ke tirje wa canjin wuta. A inji mai ƙarancin indaktans takan ninka ta aiki sau da yawa, ta gasa naɗi, ta riƙe shaf kamar birki. Shi ya sa ake ƙera na jirgi da indaktans mai yawa da gangan, yadda wutar shot za ta tsaya kusa da ta aiki, injin ya iya zama da shot ɗinsa har a sauka.

Wanda ya fi muni shi ne zagaye ɗaya ya taɓa na kusa da shi a cikin kwayil. Wannan ɗan zoben yana ɗaukar wuta mai ninki da yawa, amma daga waje kusan ba a ganin komai. Dole inbata ta gano shi cikin ƙasa da daƙiƙa, ta hanyar rashin daidaiton wutar fes, sannan ta yi abin da ke kama da hauka: ta haɗa bakin fes ɗin gaba ɗaya. Hakan yana raba nauyin ga dukan zagayen, wutar zoben ta sauka. Na uku shi ne inbata ta ɗauke ana gudun da ya ninka wanda ake fara raunana fili a kansa, misali sau uku. Raunana fili ya tsaya, boltej ya yi tsalle kusan ninki uku ya bi ta dayod ya afka wa kafasito.

A ƙira, ana naɗa kwayil a haƙori ɗaya a tsallake ɗaya, yadda fes ba ya taɓa fes, zafin wannan ba ya cin wancan. Ko a yi naɗi biyu masu fes uku-uku, kowanne da inbatarsa da hanyar wutarsa. Lissafin ragowar mai sauƙi ne: a fes shida masu zaman kansu, rasa ɗaya yana ɗora wa sauran ƙarin kashi 20, a uku kuwa kashi 50. Ƙa'idar manyan jiragen fasinja tana son yiwuwar lalacewa mai halakarwa ta gaza ɗaya cikin biliyan a kowace awar tashi, kuma inji ɗaya da inbata ɗaya ba sa kai wannan. Wannan ne ma ya sa manyan janaretocin jirage, kamar huɗun Boeing 787 masu kVA 250 kowanne, suke da naɗi a rota: a yanke wutar rota, filin ya mutu.

Tambaya: Injin da ke motsa fiffike ba kullum yake aiki ba. Da wace lamba ake auna shi? Kuma me ke sa boris ɗin irin waɗannan injina yake yin zane-zane kamar an karta?

Amsa: Da lamba biyu. Ƙololuwar murɗawa tana auna inbata da maganaɗisu, zafi kuma ana auna shi da matsakaici na musamman. A ce niyuton-mita 12 na daƙiƙa 2, sai 4 na daƙiƙa 8, sai hutu na 10. Ninka kowace lamba da kanta sau lokacinta: 288 da 128, jimla 416. Raba da 20 ka samu 20.8, tushensa kusan 4.6. Injin ya iya ɗorewa a 4.6, ya iya taɓa 12. Wannan yana aiki ne kawai idan zagayen aiki da hutun ya fi lokacin ɗumamar naɗin gajarta. Kada a manta riƙe fiffike a wuri ɗaya gaban iska ma aiki ne. Nauyin juyawar rota kuma yana bayyana a fiffike ninki giya sau kansa, giya 100 ninki 10,000 ke nan, shi ya sa rotar take zama siririya doguwa. Tsoron da ake yi wa injin da ke tura fiffike ta hanyar sukurun ƙarfe shi ne sukurun ya cije. Jiragen A380 da F-35 sun bi ta wata hanya, injin lantarki yana juya ɗan famfon haidirolik a jikin na'urar, in ya tsaya a buɗe bawul mai ya wuce.

Zanen boris kuwa wuta ce. Bugun inbata yana tara boltej a shaf, ya keta siririn man da ke tsakanin ƙwallo da hanyarsa, ya bar ɗan rami, dubbai a daƙiƙa, har su zama layuka, giris ya yi baƙi. Ana sa boris mai ƙwallayen yumɓun silikon-naitiraid, da burushin da ke sauke wutar shaf zuwa jikin inji, da kebur mai raga wadda aka kama zagaye ɗaya a bakin biyu, ba a murɗe ta kamar wutsiya ba. In ka rufe boris ɗin inji kaɗai ba ka sa burushi ba, wutar za ta bi shaf ta ci boris ɗin giyabos.